Sawun Yara a Rumfar Is'haƙa

Rumfar Is'haƙa tana bakin kasuwar Dogon Dutsi, tsakanin mai gyaran rediyo da shagona inda nake sayar da littattafai da alƙaluman 'yan lakkol. Shekara ashirin da biyu ke nan muna maƙwabtaka, falle ɗaya na kwano ya raba mu. Yawancin abin da zan faɗa na gan shi da idona, sauran kuma shi ya ba ni labari a ranakun da kasuwa ta yi sanyi muka zauna shan shayi. Sana'arsa gyaran takalmi, amma yaran gari sun fi saninsa da ɗinkin ƙwallo. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, kuma in ka zo wurinsa ƙafarka yake fara kallo kafin fuskarka.

An haife shi a wata 'yar tunga arewa da Matankari, gidan manoma. Bai yi lakkol ba, wato makarantar boko, ya dai yi karatun allo wurin limamin tungarsu har ya iya abin yin salla. Yana da shekara goma sha bakwai, a 1984, damina ta ƙi. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, rumbuna suka ƙare kafin rani ya yi nisa. Mahaifinsa ya kwaso iyali suka shigo Dogon Dutsi, suka raɓa a gidan wani ɗan'uwa. Uban ya kama ga-ruwa, shi kuma Is'haƙa yana ɗaukar kaya a tasha in an samu, in ba a samu ba ya zauna gindin itacen bedi tare da sauran samarin da yunwa ta koro daga ƙauyuka.

A nan wani malamin lakkol mai suna Shu'aibu ya gan su, wanda ake ce wa Mushe Shu'aibu, yadda ake kiran malamai da Faransanci. Kullum yana wucewa da kekensa ya tarar da su zaune sun zuba wa hanya ido. Wata rana ya tsaya ya ce musu yana da ƙwallo guda a gida, duk mai so ya same shi a filin bayan tasha gobe da an idar da sallar asuba. Goma sha huɗu suka je. Da yake da asuba suke wasa, kafin rana ta yi zafi kowa ya tafi neman abin sa wa a baki, sai malamin ya sa wa ƙungiyar suna Alfijir. Babu mai takalmin wasa a cikinsu. Wasu ma ko na yawo ba su da shi.

Cikin waɗannan samari akwai Modibbo, ɗan wasu makiyaya da shanunsu suka mutu a shekarar, suka kafa bukkoki a bayan gari. Dogo ne siriri, kuma Is'haƙa ya ce bai taɓa ganin mai gudunsa ba. Shi Is'haƙa a baya yake tsayawa, aikinsa ya ƙwace ƙwallo ya cilla ta gefen dama ba tare da ya duba ba, don ya san Modibbo na can. Bayan wasa sukan raba ƙwaryar fura ɗaya, wani lokaci ta gidan su Modibbo, wani lokaci ta nasu gidan, duk wadda aka samu.

Wata uku da farawa ƙwallon ta faɗa kan ƙayar aduwa ta fashe, ɗinkin kuma ya kwance ta gefe guda. Babu wata. Mushe Shu'aibu ya liƙe robar ciki, ya ba Is'haƙa fatar ya kai wa wani tsohon baduku a kasuwa. Tsohon ya juya ta ya juya, ya ce shi bai taɓa ɗinka irin wannan abu ba, kuma idonsa ba zai iya ba, amma in yaron zai zauna zai nuna masa. Ya koya masa yadda ake goga wa zare kaki, da yadda ake huda da basilla, da ɗinkin allura biyu wanda ba ya kwancewa. Kwana uku Is'haƙa yana fama. Da aka hura ƙwallon sai ta fito kamar kabewa, in an buga ta dama ta karkata hagu. Haka suka yi wasa da ita har damina ta zagayo. 'Yan wasu unguwanni in sun zo sai su yi ta ƙorafi, su kuwa 'yan Alfijir sun riga sun san halinta.

Daga nan bai bar rumfar tsohon ba. Da safe fili, da hantsi kasuwa, yana koyon ɗinkin takalmi da gidan wuƙa da laya. A 1988 wani ɗan gari da ke aiki a Yamai ya aiko wa ƙungiyar takalman wasa masu ƙusa a ƙasa. Is'haƙa ya ce ranar da ya fara sa su ji ya yi kamar an ɗaura masa tubali a ƙafa. Sau biyu ɗan gaba yana wuce shi kamar yana tsaye. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya cire su ya ajiye bayan raga, ya ƙarasa wasan yadda ya saba.

Shekaru suka raba su kamar yadda suke raba kowa. Garken su Modibbo ya farfaɗo, suka tashi suka yi kudu wajen Tibiri, daga baya aka ce sun ƙetare iyaka. Is'haƙa ya gurɗe a gwiwa a 1992, bai sake shiga fili ba. A shekarar ya auri Sahura, 'yar maƙwabtansu mai yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mace mai saurin dariya da saurin yanke shawara. Ya yi rani uku yana zuwa Kwatano, inda ya koyi aikin gam da yanka tafin takalmi daga tsohuwar taya da gyaran takalman zamani. Da ya dawo tsohon baduku ya rasu, 'ya'yansa ba mai son sana'ar, suka bar masa rumfar. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu da Sahura. Mushe Shu'aibu ya rasu a 2009. Ƙungiyar ta ci gaba, wata shekara da ƙarfi wata shekara da kyar, ta ɗauki kofin yanki sau biyu. Duk ƙwallon da ta fashe da duk takalmin da ya buɗe baki wurin Is'haƙa ake kai su. Yana cikin kwamitin ƙungiyar tun ba a san lokacin da ya shiga ba, kuma babu wanda ya taɓa tunanin a cire shi.

A 2024 Alfijir ta cika shekara arba'in. Shugabanta a lokacin Mu'awiya ne, saurayi ɗan kasuwa mai sayar da wayoyi, mai gemu da ɗangalallen wando, wanda ba ya wasa da salla kuma ba ya wasa da aikin ƙungiya. Sakatariya kuma Madam Fadila, malamar motsa jiki a kolej, wadda ta kafa ɓangaren 'yan mata. A taron kwamiti, wanda aka yi a bayan shagona don ina da benci, Madam Fadila ta kawo shawarar a yi suware, irin bikin rawa da cin abinci da ta gani ana yi a Yamai don taimakon mabukata. Ta ce a ba bikin jigo: tunda waɗanda suka kafa ƙungiyar ba takalmi suka yi wasa, kowa ya shigo ba takalmi, kuma maimakon tikiti kowa ya kawo takalmi ƙafa ɗaya a raba wa 'yan lakkol na ƙauyuka.

Mu'awiya ya ce taimakon ya yi masa, amma ba zai sa hannu a taron da za a cakuɗa maza da mata ana rawa har dare ba. Aka yi ta ja. Madam Fadila tana magana tana haɗawa da Faransanci, shi yana kawo nasa dalilan a hankali. Daga ƙarshe suka daidaita: za a fara bayan la'asar, a tsayar da kiɗa da an kira magariba, mata gefe maza gefe, kuma babu manyan lasifikoki, sai kalangu da gurumi. Duk wannan Is'haƙa yana zaune yana ɗinkin wani silifa. Sai da aka zo tashi Mu'awiya ya ce, "Baba Is'haƙa, ba mu ji ta bakinka ba."

Ya soke basillar a jikin benci ya ce, "Mu da munka yi wasa ba takalmi, ba don daɗi munka yi ba. Amma wannan ba komi, ku yi bikinku. Abin da nike tsoro, in kunka ce kowa shi kawo takalmi, wanda ya gaji da shi za shi kawo. Na manya za ku tara, da masu tsini na mata, da waɗanda ƙafa guda ta ɓace. Ku kai ma ɗiyan mutane shara, su yi godiya don kunya."

Madam Fadila ta tambaye shi yadda yake ganin za a yi. Ya ce takalmi ba a sayensa sai an san ƙafar. A fara zuwa a auno ƙafafun tukuna.

Mu'awiya da kansa ya ɗauke shi a babur. Kwana huɗu suna fita da sassafe zuwa wasu ƙananan lakkol uku a ƙauyukan wajen Ɗan Kassari, da ɗaurin takardun buhun siminti da Is'haƙa ya roƙo wurin magina ya yanka falle-falle. Yaro ya taka takarda, shi kuma ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya zagaye ƙafar da biro, ya ƙara faɗin yatsa ɗaya a gaba saboda girma. Malamin aji ya rubuta suna da gari a tsakiyar sawun. Mu'awiya ya ba ni labarin cewa yara suna ta ƙyalƙyala dariya saboda biron yana yi musu cakulkuli, wasu kuma suna noƙe ƙafa don kunyar faso da kaushi. Is'haƙa bai ce wa kowa ya je ya wanke ba. Ya dai riƙa cewa, "Taka sosai, kamar kana gonarku." Suka dawo da sawu ɗari da arba'in da uku.

Ya ɗaura igiya daga rumfarsa zuwa ginshiƙin shagona, ya rataye takardun da 'yan maƙalan shanya. Aka sanar a rediyon gari cewa duk mai son shiga bikin Alfijir ya zo ya ciri takarda ɗaya, ya nemo takalmin da ya yi daidai da ita, sabo ko mai sauran ƙarfi. Kwana biyun farko mutane kallo kawai suke yi. A rana ta uku wata Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta, ta sa na karanta mata sunaye, ta zaɓi wata Maryam don sunan 'yarta ke nan. Ta shiga kasuwa ta dawo da takalmin roba ruwan ganye. Is'haƙa ya ɗora shi kan takardar, ya yi daidai, ya ɗaure su tare da zare. Daga ranar igiyar ta fara raguwa. Mata sun fi son ƙananan sawu. Wani jandarma ya ciri biyar a tashi ɗaya. Masu kabu-kabu suka haɗu suka ciri goma sha biyu.

Ba kowane takalmi yake karɓa ba. Sai ya lanƙwasa tafin, ya ja maɗaurin, ya sa hannu ciki ya laluba ko akwai ƙusa. In mai gyaruwa ne ya ajiye ya gyara, in ba haka ba ya mayar wa mai shi. Matar wani babban ɗan kasuwa ta aiko da jaka cike da takalman da 'ya'yanta suka daina sawa, masu ƙyalli da duwatsu. Ya zaɓi ƙafa biyu ya mayar da sauran, ya ce a gaya wa Hajiya waɗannan ba za su kai mako guda a hanyar yashi ba. An ce ta ji haushi. Bayan kwana uku ta zo da kanta ta ciri takarda shida.

Takarda ɗaya ce ta ƙi tafiya. Ta wata yarinya ce mai suna Shamsiyya, 'yar shekara tara. Sawun dama lafiya lau, na hagu kuwa ya lanƙwashe ciki kamar lauje, don haka aka haife ta, da gefen ƙafar take takawa. Mutane sukan ciro takardar su duba, su gane babu irin wannan takalmi a kasuwa, su mayar a hankali. Wata ranar Juma'a Sahura ta kawo wa mijinta abinci, ta ga takardar ita kaɗai a ƙarshen igiya. Ta cire ta, ta ninke, ta ajiye masa kan cinya ta ce, "Wagga tamu ce. Ai ni ma ina son shiga bikin."

Aikin ya ba shi wuya fiye da yadda ya zata. Zanen takarda bai isa ba, don ƙafar ba a shimfiɗe take ba. Ya aika wa mahaifin yarinyar, wani manomi mai sanyin hali, ya kawo ta ranar kasuwa a amalanken jaki. Is'haƙa ya kwaɓa yumɓu ya sa ta taka, ya bar shi ya bushe, ya kai wa masassaƙi ya fitar masa da siffar ƙafar a itace. A kan wannan itacen ya ja fata ya ɗinka. Yarinyar ba ta da tsoron mutane ko kaɗan. Tana zaune kan bencina tana kaɗa ƙafa ta tambaye shi wane launi zai yi. Ya ce baƙi, ko kuma ruwan ƙasa. Ta ce ita ja take so. Ya ce ba shi da jar fata. Ta ce to ya nemo. Ubanta ya tsawata mata, Is'haƙa ya ce a ƙyale ta, ita za ta sa. Washegari na gan shi yana jiƙa karan dafi a tsohon gwangwani yana rina fatar akuya.

Na farko da ya ɗinka ya goge mata idon sawu tun kafin ta kai bakin titi ta dawo. Ya kwance shi gaba ɗaya. Na biyu ya yi sako-sako, ƙafar tana juyawa a ciki. Ran nan na ga ransa ya ɓaci, ya zauna ya daɗe yana kallon itacen bai taɓa shayinsa ba. Ya ce mini shekara arba'in yana ɗinki, ashe ƙafa iri ɗaya kawai ya sani. A na uku ya ɗaga tafin ta gefen waje da ɓallin taya biyu, ya shimfiɗa tattausar fata a ciki, ya sa maɗauri biyu maimakon ɗaya. Ta sa, ta je har wurin masu lemo ta dawo. Ɗingishin yana nan, takalmi ba ya gyara ƙashi, amma gefen ƙafar da ya yi shekara tara yana cin ƙasa ya sami abin takawa. Ta ce bai yi ja sosai ba, amma za ta karɓa.

Aka sa bikin ranar wata Asabar cikin watan Nuwamba, bayan an gama shigar da gero. Tun da safe 'yan wasan ƙungiyar, maza da mata, suka share farfajiyar gidan matasa, suka zuba sabon yashi, suka bi shi da rariya saboda ƙarangiya da fasassun kwalabe. Aka shimfiɗa tabarmi gefe biyu, aka jera tebura a tsakiya aka ɗora takalman yaran, kowanne da takardarsa a ƙarƙashi. Aka rataye tsoffin hotuna a bango, har da guda na Mushe Shu'aibu riƙe da kekensa. An ce kowa ya sa wani abu mai ruwan ɗorawa, launin ƙungiyar, don haka wasu da hula, wasu da ɗankwali, wani tsoho kuma da ƙyalle kawai ya ɗaura a hannu.

Is'haƙa ya ƙi kujerar da aka ajiye masa a gaba, ya zauna bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma. Abin kallo ne yadda manyan gari suke isowa cikin manyan riguna su tsaya suna waige-waige kafin su sunkuya. Wani jami'i ya tambaya ko za a bar shi da safa. Madam Fadila ta ce masa jigon bai san safa ba. Ya cire, ya taka yashin a ɗarare, bayan taku biyar kuma ya manta.

Wajen ƙarfe biyar na ji gardama a ƙofa. Wani dogon dattijo ne da malfa da sanda, riƙe da 'yan takalma ƙanana a hannu, masu tsaron ƙofa suna ce masa sai da takarda ake shiga, shi kuma bai san wace takarda ba. Is'haƙa yana sunkuye yana jera takalman baƙi. Ya dubi ƙafafun mutumin, ya ga babban yatsan dama da ya karkace, wanda ya karye a wani wasa da 'yan Matankari tun suna samari. Ya miƙe a hankali ya ce, "Modibbo, ashe saƙon ya iske ka."

Tun wata biyu da suka wuce yake ba da saƙo ta hannun masu tallar nono da dillalan kasuwar shanu, bai gaya wa kowa ba don bai sa rai ba. Saƙon ya bi hannu huɗu kafin ya sami Modibbo a wata mashayar dabbobi kudu da Tibiri. Abin da ya isa kunnensa kawai shi ne Alfijir na biki, a zo da takalmin yaro. Shekara talatin da huɗu rabonsu da juna. Ba su rungumi juna ba. Sun riƙe hannu suna gaisuwa, gida da iyali da dabbobi da gajiya, suna sakewa suna maimaitawa, har mutanen da ke bayansu suka gaji da jira suka zagaye su.

Da masu kalangu suka fara, Madam Fadila ta ce waɗanda suka kafa ƙungiyar su za su buɗe fili. Cikin goma sha huɗun nan biyar suka rage a raye kuma suka samu zuwa. Suka fito tsakiya, ɗaya da carbi a hannu, ɗaya da tumbi, Is'haƙa yana jan gwiwa. Da farko tafiya kawai suke yi suna jin kunya. Sai mai gurumi ya fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya da inda kowa yake tsayawa a fili, ya kira na waɗanda suka rasu su ma. Modibbo ya ɗora sandarsa a kafaɗa ya fara taka rawar makiyaya, a tsaye ƙyam, ƙafa kawai ke aiki. Is'haƙa ya bi shi da irin ta manoma, a duƙe. Ban taɓa ganin ya yi rawa ba sai ranar, kuma gaskiya bai iya ba. Daga gefen mata ana jin dariyar Sahura ta fi ta kowa. Sannan aka buɗe wa kowa, maza a nasu gefe mata a nasu, yashi yana tashi.

Mu'awiya bai yi rawa ba, bai kuma hana kowa ba. Yana wajen tebura yana nuna wa baƙi takalman, yana zuba wa tsofaffi zoɓo. Malaman lakkol ukun nan sun zo, kowanne ya yi gajeren jawabi. Da aka nemi Is'haƙa ya yi magana sai ya ce shi ba shi da jawabi, a dai yi wa Mushe Shu'aibu addu'a, aka yi. Ana kiran magariba makaɗa suka ajiye kayansu. Aka kawo butoci, aka yi sahu a kan yashin da aka gama rawa, Mu'awiya ya ja salla. Bayan nan aka ci shinkafa da miyar da Sahura da matan unguwarsu suka dafa.

Wajen fita ne aka sami 'yar matsala. Yara masu wasa a ƙofa sun hargitsa takalman baƙi, sama da ƙafa ɗari biyu sun zama tsibi guda, ga duhu ya fara. Mutane suka haska wayoyi suna tono. Is'haƙa ya ce kowa ya ja baya ya yi layi. Ya zauna gaban tsibin, in mutum ya matso sai ya laluba ya miƙa masa nasa. Fiye da rabinsu sun taɓa bi ta hannunsa, ya san ɗinkinsa, ya san wanda ke cinye dunduniya ta waje da wanda ke take bayan takalmi. Waɗanda bai sani ba ya gwada da ido. Mutum biyu kawai ya ba na wani, su ma suka musanya suna dariya. Kafin a kira isha'i farfajiyar ta zama babu kowa.

Ranar Litinin aka loda takalman a amalanke biyu aka kai ƙauyukan. Guda bakwai ba su yi daidai ba, don wasu yaran sun ƙara girma a wata biyun, aka dawo da su ya buɗa su. Waɗanda Modibbo ya kawo ba takarda aka ba ƙanwar wani yaro da ta biyo shi lakkol tana kuka. Modibbo ya kwana uku a gidan Is'haƙa. Da rana yakan zauna a rumfa yana kallon aiki, ba sa wata doguwar hira. A rana ta huɗu ya ce shanu na jiransa, Is'haƙa ya sake wa takalmansa tafi, ya raka shi tasha. Yanzu Modibbo yana da lambar wayata, yakan kira wata-wata in ya sami inda waya ke kamawa, in miƙa wa maƙwabcina.

Daga baya wani daga cikin malaman ya zo sayen alli ya gaya mana cewa yara da yawa a hannu suke riƙo takalman, sai sun iso ƙofar lakkol su sa, don kada su lalace. Ya tambaya ko a tilasta musu sawa tun daga gida. Is'haƙa ya ce a bar su, nasu ne, in ƙaya ta yi yawa da kansu za su sa. Shamsiyya kuwa ba ta cire nata sai za ta kwanta. Duk wata shida ubanta yana kawo ta a sake awo, kuma har yanzu ba su gama daidaitawa da Is'haƙa a kan launi ba. Kwamitin ya yanke cewa za a riƙa rataye igiyar kowace shekara in an koma lakkol, ko da biki ko babu.

Idonsa ya fara rauni a 'yan shekarun nan. Ɗinkin bai gagare shi ba, hannunsa ya san hanya, amma zura zare a allura ya zama aiki. An ba shi tabarau a asibiti, yakan sa in ya tuna. Abin da suka saba yanzu shi ne, kowace safiya kafin ya fito, Sahura ta zauna bakin ƙofar ɗaki inda haske yake, ta zura masa allura goma, ta soke su a jikin hularsa. In ya iso rumfa sai ya cire hular ya ajiye gefe, yana zara ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aiki ya yi yawa suka ƙare kafin la'asar, yakan buga kwanon da ke tsakaninmu sau biyu, in zagayo in zura masa wasu.